Ranar da Mai Sunan Baba Ya Ci Amurka

A gidanmu na Samaru akwai sunaye biyu da Mama ba ta faɗi: na mijinta da na ɗanta na fari. Na mijin da sauƙi, don ya rasu tun ina firamare, sai ta ce "marigayi" a wuce wurin. Na Yaya ne matsalar, domin shi yana nan da ransa, yana share tuwo malmala biyu. Ga shi ɗan fari, ga shi kuma sunan surukinta aka sa masa, wato kakanmu. In tana magana a kansa sai ta ce "Mai Sunan Baba". In kuwa yana gabanta, ni take yi wa magana: "Ki ce masa abinci yana hucewa," alhali a tabarma ɗaya suke zaune.

Mu Kirista ne 'yan ƙasar Zazzau, iyaye da kakanni, kuma fastonmu ya sha faɗi cewa irin wannan kunya ba dokar Allah ba ce. Mama ta ce shi ya jiyo, ai matarsa ma ba ta faɗin nasa.

Yaya ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya zauna. Shekara ta bi shekara, takalminsa ya cinye a hanyar Kaduna wurin kai takardun neman aiki, abin da ya samu kawai shi ne koyar da 'ya'yan malaman jami'a lissafi da yamma. Har ya fara daina aske gemu, ya koma ba ya son fita sai rana ta faɗi. A lokacin ne cacar bizar Amurka ta koma ta kwamfuta, kowane kafe na intanet a Samaru ya rataya ƙyalle da tutar Amurka a ƙofarsa. Masu acaɓa sun cika takardar cacar, masu wanki sun cika, har mai tsiren bakin titi ya je an ɗauke shi hoto ba hula. Yaya kaɗai ya ce shi ba zai yi caca da rayuwarsa ba, ya faɗa da Turanci ma, don mu san da gaske yake.

Mama ta ji shi sarai. Ashe ta ƙulla nata. Wata rana ta zare hotonsa daga cikin waɗanda yake manna wa takardun neman aiki, ta ɗaura shi a bakin zane, ta hau bas ta tafi Sabon Gari, inda take ganin ba wanda ya san ta. Ni ba ta ɗauke ni ba, wai bakina ba shi da ƙofa. Takardun makarantarsa kuma suna kulle a akwatinsa, makullin yana aljihunsa.

Mai kafen da ta faɗa hannunsa wani ɗan kudu ne, haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar ni, amma Hausar kasuwa ce, ba ta cikin gida ba. Shi ya ba ni labarin daga baya, yana rantsuwa ba laifinsa ba ne. Ya tambaye ta ranar haihuwa, ta ba shi tiryan-tiryan. Gari, ta faɗa. Karatu, ta ce har ya yi yawa. Sai ya ce, "Sunansa fa, Mama?"

"Mai Sunan Baba ne."

"Eh, menene sunan?"

"Na gaya maka, ɗana."

"Haka kuke kiransa?"

"Tun ranar da aka haife shi."

Layi ya kai bakin titi, janareta yana shan mai, ga tsohuwa ta ɗaure fuska tana kallon bango. Ya buga Maisunan a gidan suna, ya buga Baba a gidan sunan mahaifi, ya aika. Adireshi kuwa ta ba shi akwatin gidan waya na cocinmu, don shi kaɗai ta haddace.

Watanni suka wuce. Wata Lahadi, lokacin sanarwa, sakataren coci ya ɗaga wani babban farin ambulan, ya gyara tabarau, ya ce wasiƙa ce daga Amurka, kuma bisa ga dukan alamu wani ya ci cacar nan. Kowa ya kasa kunne. Ya karanta a hankali: "Maisunan Baba."

To, ina gidan Bahaushen da ba shi da mai sunan baba? Maza suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Mai kaɗa gangar mawaƙa ya tashi. Wani tela ya tashi. Wani dattijo da haƙoransa suka ƙare, wanda ko Kano bai taɓa zuwa ba, ya dafa sanda ya tashi, ya ce shi ma sunan baban babansa gare shi, a duba da kyau. Yaya yana bayana yana dariya har da hawaye, abin da na daɗe ban gani ba. Sai daga layin zumuntar mata Mama ta ɗaga hannu, ba ta ko juyo ba, ta ce, "Na gidana ne."

Dariyar Yaya ta yanke.

A gida aka yi ta. Yaya yana zagaya tsakar gida da wasiƙar, yana cewa mutane dubbai suna nema ba su samu ba, shi an ba shi amma da sunan wanda babu shi a duniya. Fasfo, shaidar haihuwa, katin baftisma, takardar digiri, duk suna ɗaya suke ɗauke da shi, kuma ba wannan ba ne. Ni na ce, "Mama, don Allah, suna ne fa. Ba zagi ba ne. Ke kika haife shi." Ta ce in ta ƙara jin bakina sai ta fasa min shi da muciya. Sannan ta dubi randa ta ce, "Ki ce masa ai hotonsa ne a jiki. Su Turawan ba su da ido?"

Abin da ya ba ni tausayi shi ne mutumin da ya ce ba ya caca ya kwana da ambulan ɗin a ƙarƙashin matashinsa. Da safe ya aske gemu.

Masu shawara suka yi mana caa. Mai kafe ya ce abin da aka aika ya tafi, ba a goge shi, sai dai a yi bayani a takardun da za a mayar. Kawunmu ya ce abu mai sauƙi ne, Yaya ya zama Maisunan Baba kawai, akwai wani a bayan kasuwar Sabon Gari da zai buga masa sabuwar haihuwa da sabon digiri kafin la'asar, in ana so har da mata da 'ya'ya. Fasto, wanda ya yi wa'azi biyu a kan cewa caca zunubi ce, ya zo har gida ya ce wannan ba caca ba ce, buɗi ne, kuma in Yaya ya isa ya tuna coci yana bukatar janareta.

Wata lauya 'yar cocinmu ce ta faɗi maganar da ta kama hankali. Ta ce kada a soma ƙarya, masu ba da biza a Legas sun ga irinta har sun gaji. A je kotu a yi takardar rantsuwa cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, a buga a jarida, a haɗa da takardun da za a mayar. Kuma wadda ta ba da sunan da bakinta, wato Mama, ita za ta rantse. Ta ce ko da hakan ba tabbas, amma ban da shi babu wata hanya.

Ni aka ɗora wa lallashi. Na ce, "Mama, dangwala yatsa kawai za ki yi, ba wanda zai ce ki buɗe baki." Haka na ɗauka da gaske, don kowa ya san yadda ake rantsuwar nan: mai tafireta a gindin bishiya ya buga, a shiga a dangwala, a buga hatimi, a fito a sha zoɓo.

Ta sha anko na zumuntar mata kamar za ta taron shekara. Muka hau bas mu uku, ita a gaba kusa da direba, Yaya can baya. Mai tafireta ya buga takardar, ni na ba shi sunan, Mama ta matsa nesa tana taya wata mai gyaɗa hira har aka gama.

Rashin sa'armu, magatakardan da muka tarar wani dattijo ne mai farin gemu, irin waɗanda suka kusa ritaya ba su da sauran abin tsoro. Ya karanta takardar daga sama har ƙasa, abin da na tabbata ba a taɓa yi mata ba a ofishin nan. Ya dubi Mama ya ce, "Baiwar Allah, kina jin Turanci?" Ta ce a'a. Ya ce to doka ta ce a fassara mata, ita kuma ta faɗa da bakinta. Ya fassara. Sannan ya ce, "Wannan da ke tsaye ɗanki ne?"

"Haka ne."

"Menene sunansa?"

Mama ta dubi fanka. Ta dubi kalandar bango. Ta ce, "Ai ga shi nan a rubuce, ranka ya daɗe."

"Na gani. Naki nake so in ji."

Na tsoma baki zan faɗa, ya ɗaga min hannu ya ce ba ni na haife shi ba. Sai ya rage murya, ya ce, "Na sani. Tsohuwata har ta koma ga Allah ban ji nawa a bakinta ba. Amma ba na buga hatimi a kan 'ka gane ai'. In an tambaye ni gobe, me zan ce na ji?" Ya kori masinja da sauran masu jira, ya ce wa Yaya ya fita baranda ya ja ƙofa. Muka rage mu uku.

Ban taɓa ganin Mama haka ba. Matar da 'yan acaɓa suke canza hanya in sun hango ta, ga ta tana murza bakin gyale, gumi yana bin wuyanta. Ta buɗe baki ta rufe. Ta ce a ba ta ruwa, aka ba ta, ba ta sha ba. Dattijon ya ajiye biro ya jira. Ni a lokacin haushi ya bar ni, tausayi ya kama ni, har na ji kamar in ce a bar Amurkar.

Sai ta ɗora hannu inda aka ce ta ɗora, ta runtse ido, ta faɗa. Ina jin ta yi niyyar raɗa ne, amma bakin da bai saba ba bai san awo ba. Sunan ya fito da ƙarfi, da ja a ƙarshensa, kamar yadda uwa take kiran yaro daga bakin ƙofa in magariba ta yi.

Daga baranda muka ji, "Na'am, Mama?"

Ƙofa ta buɗe, ga Yaya, ƙato mai digiri, ya leƙo yana jiran aike. Sai da ya ga fuskokinmu ya gane abin da ya yi. Dattijon ya sunkuyar da kai ya buga hatimi, ya daɗe yana hura tawadar da ta riga ta bushe. Mama ta ja gyale ta rufe fuska ta wuce ta gefen ɗanta, ba ta jira mu ba, ta hau bas ɗinta daban. Yaya ya zauna a matakalar kotu, ya ce min, "Ashe ta san shi."

Aka buga a jarida, aka mayar da takardu, aka shiga jira. Da takardar kiran ganawa ta zo, ya hau motar Legas da fayil a ƙirji. Ni ce mai wayar hannu a gidan, wata 'yar ƙarama da ake ɗaure bayanta da roba, kuma ita ya kira da ya fito. Ina tsakar gida, Mama tana tsince shinkafa a faifai. Ya ce matar da ta yi masa tambayoyi ta karanta rantsuwar, ta dubi hoton, ta tambaye shi ko da gaske uwarsa ba ta faɗin sunansa, ya ce sau ɗaya ta taɓa. Matar ta kira abokin aikinta suka yi ƙus-ƙus, sannan ta ce ya dawo ya karɓi fasfonsa.

Na yi ihu, na yi tsalle, na rangaɗa guɗar da ban iya ba. Mama ba ta ɗago ba.

"Me ya ce?"

"Sun ba shi, Mama. Zai tafi."

"Da wane sunan?"

"Da nasa. Wanda kika faɗa."

Ta ajiye faifan a ƙasa. Kaji suka taho suna ci, ba ta kore su ba. Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakinsa, sannan ta ce, "Ni fa na ɗauka ba za su ba shi ba."