Baba Labule da Littafin Ƙeya

A maɗaba'ar da nake aiki akwai wani littafin zane da ma'aikata suka raɗa wa suna littafin ƙeya. Kana buɗe shi za ka ga dalili. Kusan duk mutanen ciki sun juya maka baya, wanda ya yi maka kara shi ne ya nuna maka kunne ɗaya da gefen hanci. Baba Labule ne ya zana shi, ni kuma na zuba maganganun da ke cikin kumfar da ke fitowa daga bakin mutanen, don aikina ke nan a wurin. In ban da Kakata da ta raine ni, babu wanda nake jin nauyin alherinsa kamar wannan tsoho mai taurin kai.

Sana'a ce ta ba shi sunan. Yana saurayi ya shiga wata ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke wasa a wani zaure bayan tashar mota. Ya je ne da burin a ba shi matsayin alƙali ko na attajiri, amma ranar da aka tsayar da shi gaban jama'a sai muryarsa ta maƙale. Shugaban ƙungiyar bai kore shi ba. Ya kama hannunsa ya kai shi lungun da ke gefen dandamali, ya damƙa masa igiyar labule. A wannan lungu ya yi furfura. In babu wasa kuma, shi ke zana bangon da ake kafawa a bayan 'yan wasa, gada ce ko kasuwa ko ɗakin talaka.

Da zamani ya juya aka mayar da zauren shagon katifa, sai ya koma zana allon shaguna. Wajen masu aski ya fi suna. Duk allon da ka gani a unguwa da kawunan samari a jere, kowa ya juya gefe yana nuna askinsa, to hannun Baba ne. A lokacin babu wanda ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa ya ƙware a ƙeya haka.

Mahaifiyata 'yar wannan ƙungiya ce, kuma ta rasu ban iya tafiya ba. Hotunanta suna cikin wani kundi a saman durowa, sai rufin ɗakin ya yi yoyo a wata damina, shafukan suka manne da juna. Da Kaka ta yi ƙoƙarin ɓanɓare su, fuskokin ne suka fara tafiya. Haka na tashi ban san kamannin uwata ba. In na tambayi Kaka sai ta ce in duba madubi, ƙanwar mahaifiyata kuma ta ce ko farce ban ɗauko ba. Mahaifina direba ne marar yawan magana. Iyakar abin da yakan ce shi ne, "Mutuniyar kirki ce," daga nan ya ɗauki bokiti ya fita wanke motar da ya riga ya wanke.

Maigidanmu, mai maɗaba'ar, mutum ne mai son gwaje-gwaje. Ya lura 'yan makaranta gyangyaɗi suke yi a kan tsofaffin wasannin kwaikwayon da ake sa su karantawa, sai ya ce mu mayar da su littattafan zane. Ya zaɓi mu fara da Mai Fitilar Gada, tsohon wasan nan na matar da ke kunna fitila kullum a bakin gada tana jiran ƙaninta da ya tafi neman arziki. Ya ce ba zai ba yaran zamani aikin ba, wanda ya san wasan a jikinsa yake so. Wata safiya sai ga shi da wani dogon tsoho mai fenti a ƙarƙashin farce.

Sun shigo ne ina tsaka da zazzaga wa mai injin bugu masifa, ya buga mini shafi a karkace. Tsohon ya ja ya tsaya a bakin ƙofa.

"Wannan muryar na san ta," ya ce. "Ko da yake mai ita ta fi ki iya tsayawa ta numfasa."

Ya tambayi sunan gidanmu, na faɗa masa. Sai ya nemi kujera ya zauna.

"Ashe ke ce Mai Ɓata Wasa. Mahaifiyarki ce mai fitilar. In za ta hau dandamali ni take miƙa wa ke. Ke a hannun hagu, igiya a hannun dama. Akwai ranar da kika tsala ihu ana tsakiyar makoki a wasan, jama'a suka fashe da dariya."

Ban san lokacin da na durƙusa a gabansa ba. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce, "Baba, don Allah ka zana mini fuskarta."

Ya ce zai gwada. Bayan 'yan kwanaki ya dawo da takarda a naɗe. Kyakkyawar mace ce a ciki, irin wadda ake liƙawa a kwalin sabulu. Kafin in gama kallo ya karɓe ya yaga.

"Ba ita ba ce, 'yar nan. In na zauna na ce zan tuno ta, hayaƙi nake gani. Sai na ja labule, wasa ya fara, na bi shi sannu a hankali, sannan take zuwa. Ki bari mu yi littafin. Tana ciki."

Aka ba shi tebur kusa da nawa. Kafin ya fara kowane shafi sai ya ɗaga hannun dama sama ya ja iska, kamar mai jan igiya, sannan ya ɗauki fensir. Gidajen da ake raba shafi da su, tagogi yake kiransu. Da shafukan farko suka kammala Maigida ya ɗauka yana jujjuyawa, yana ƙara matso da tabarau.

"Baba, mutanen nan fushi suke yi da mu ne? Kowa ya ba mu baya."

"Haka wasan yake, ranka ya daɗe."

"A'a, na kalli wasan nan ina yaro. Fuskoki na gani."

"Daga ina ka kalla?"

"Daga kujera mana, kamar kowa."

Baba ya sosa gemu. A nan muka gane abin da shi kansa bai taɓa lura da shi ba. Mutumin da ya haddace wasan fiye da 'yan wasan, ko sau ɗaya bai taɓa ganinsa daga gaba ba. Maigida ya yi dariya har sai da ya riƙe tebur. Ni kam ban yi ba, don na fahimci fuskar da nake jira ita ma baya za ta ba ni.

Maigida ya ce abin mai sauƙi ne. Ya ajiye wa Baba kujera a tsakiyar shago, ya tsayar da mu a gabansa muna kwaikwayo. Mai ɗinkin littattafai ya zama ƙanin, ni na riƙe gwangwanin tawada a matsayin fitila. Baba ya zana mu daga gaba kamar yadda aka ce. Abin da ya fito ko hoton katin shaida ya fi shi rai. Maigida ya duba ya sake dubawa, ya ja tsaki.

"Dawo mana da ƙeyoyinka, Baba. In mun yi asara mun yi."

Daga nan na fara sanin uwata ta baya. Daga lungunsa Baba ya ga abubuwan da 'yan kallo ba su taɓa gani ba, kuma bai bar ko ɗaya ba. Ga allurar da aka kama rigar attajiri da ita. Ga hannun ƙanin a ɓoye a bayansa, a dunƙule saboda tsoron jama'a. Ga mai fitila, doguwa, kafaɗarta ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka, in an daɗe ana magana sai ta sosa ƙwaurinta da yatsan ɗaya ƙafar. Tana riƙe fitila ɗan ƙaramin yatsanta a miƙe, ya ware daga 'yan'uwansa. Ranar da na ga wannan na dubi hannuna a kan kofin shayi, sai na tashi na shiga ɗakin ajiyar takarda na daɗe ban fito ba.

Muna kusan rabin wasan hannun Baba ya fara rawa. Da farko yakan naɗe tawul ya ɗora tsintsiyar hannunsa a kai, layin ya miƙe. Daga baya tawul ya daina aiki. Shafin da yake gamawa kafin azahar ya koma cinye masa mako. Sai kuma ya daina zuwa gaba ɗaya, 'yarsa ta aiko cewa likita ya hana shi hawa mota.

Na riƙa kai masa takardun gida. Ɗaki ɗaya ne da ƙaramar taga, gwangwanayen fenti a jere ƙarƙashin gado, tsohuwar igiyar labulen a naɗe a jikin ƙusa, ya ɗauko ta ranar da masu katifa suka zo. 'Yar tasa, wadda nake kira Yaya, ta ja ni waje ta faɗa mini abin da likita ya ce: ciwon ba mai komawa baya ba ne, hannun kullum ƙaruwa zai yi.

Na koma ciki zuciyata na tafasa. Na ce, "Baba, ka tsallake. In akwai wurin da fuskarta take, ka je can ka zana tun hannun yana jin magana. Sauran ma samu wani ya ƙarasa."

"Ba a tsallake wasa."

"Wannan ba wasa ba ne, takarda ce."

"A wurinki. In na tsallake, matar sabulu za ki sake samu."

Wallahi ranar da ba tsoho ba ne da na faɗa masa magana. Na fito ina huci, Yaya tana bina da ban haƙuri. Tsoro ne ya cika ni, ba komai ba. Na ga an kawo ni bakin ƙofa za a rufe ta ina kallo.

Washegari na dawo, don ba ni da wata dabara. Muka gano hannun ya fi natsuwa da sassafe, kafin ya gaji. Sai na riƙa biyowa ta gidansa kafin in wuce aiki. Ina danne masa takarda, yana jan fensir, in ya gama in tafi da ita in bi layin da tawada. Wata rana taga ɗaya, wata rana rabi. Bai taɓa mantawa da jan igiyarsa ta iska ba, ko da hannun na kaɗawa kamar ganye. Maigida kuwa bai taɓa tambayata dalilin makara ba, Allah ya saka masa.

A haka muka kai ƙarshen wasan. Labari ya zo wa mai fitila cewa ƙaninta ba zai dawo ba. Ta hure fitilar, ta juya wa jama'a baya, ta fice. Duk wanda ya taɓa kallon wasan daga kujera bayanta ya gani a wannan wuri. Sai da Baba ya fara zana tagar ƙarshe na gane inda ta nufa in ta juya. Lungunsa take tahowa.

Ya hana ni kallo, ya sa na danne takardar fuskata na kallon bango. Ya daɗe ƙwarai. Da ya ce in juyo, ga ta nan. Goshinta faɗi gare shi, tana da 'yar wushirya, girarta ta hagu ta ɗan ɗaga. Layukan duk sun yi rawa, amma mutum ce, wadda za ka gane in kun haɗu a hanya. Hawaye na kan kumatunta, bakinta kuwa ya fara murmushi. Idanunta ba ni suke kallo kai tsaye ba, sun ɗan sauka ƙasa.

Na ce, "Baba, ai a nan kuka take yi. Me ya kawo murmushi?"

"Tana juya baya wasa ya ƙare mata. Hannuna na hagu take kallo."

A saman kanta ya zana 'yar kumfa ya bar ta fanko. Na ce masa a rubutun wasan babu magana a wannan wuri, me zan zuba? Ya ce kullum abu ɗaya take faɗa, ƙasa-ƙasa don kada jama'a su ji. Ya gaya mini, na rubuta da hannuna: "Ta yi kuka?"

Wannan tagar ban bi ta da tawada ba, da fensir ɗinta aka buga. Littafin bai yi wata kasuwa ta azo-a-gani ba. Yara sun ce ba sa gane wa ke magana, malamai kuma har yau suna zuwa ƙorafin cewa layin ƙarshe ba ya cikin wasan. Maigida yakan ba su haƙuri ya ce kuskuren bugu ne, za a gyara. An sake bugawa, bai gyara ba. Na kai wa mahaifina kwafi ɗaya, ya buɗe shafin ƙarshe ya zauna da shi a kan gwiwa, ranar bai wanke mota ba.

Baba bai ƙara riƙe fensir ba. Yanzu ko kofi Yaya ce ke riƙe masa. Nakan je duk ƙarshen mako in zauna a bakin gadonsa, in yi masa godiya, ya ce in daina cika masa kunne. A zuwana na baya-bayan nan na tambaye shi amsar da yake ba ta in ta yi wannan tambaya.

"Nakan ce mata a'a, ko motsi ba ki yi ba."

"Da gaske?"

"Ina fa. Tun daga buɗe labule kike tsala ihu a cikin rigata. Amma mace ta fito a gajiye, me zan ce mata?"