Shekarar da Aka Share Filin Jirgi

Ni ban taɓa iya zaman tatsuniya ba. Da zarar Inna Kande, kakata ta wajen uba, ta fara jan zance, sai in ce, "Inna, a tsallake, me ya faru a ƙarshe?" Sai ta zaro zangarniyar geron da take gasa mana a murhu, ta nuna ni da ita: "Ke dai bakwaini ce, ko uwarki ta musa. Zauna, tumu ma sai ya gasu."

Bayan magariba muke kewaye ta, lokacin da sabon gero ya shigo gida. Akwai labarin da take buɗewa da cewa, "Ga ta nan, amma wannan da ƙafarta ta zo." Na filin jirgin bayan garinmu ne, ta hanyar Fagam, wanda muka taso muka tarar sabara ta cinye, mata na shanyar barkono a inda burji ya rage.

Ta ce a da, in gero ya fara ido, kowane gida sai ya kafa rumfa a gona, a ja igiyoyi, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Da jan-baki sun taso, tsuntsayen nan masu saukowa kamar hadari, sai a girgiza igiya, a yi ta ihu. Sai gwamnati ta daɓe fili, ta kawo ƙaramin jirgi yana yi musu feshi a makwancinsu. Shekara da shekaru yana zuwa, har igiyoyin suka koma ɗaurin awaki.

Wata damina jan-baki suka iso, jirgi bai iso ba. Mai unguwa ya ce ai matuƙin ne ya hango ciyawa a fili ya ƙi sauka. Gari kaf aka fita da fartanya da tsintsiya, aka share fili tas, har duwatsun gefe aka shafa wa farar ƙasa. Kwana uku ana kallon sama, tsuntsu na gona yana biki.

"Mace ɗaya ce ta ƙi zuwa," in ji Inna. "Ta ce, 'Ku je ku yi wa ƙarfe shara, sakarkaru.' Ta kwashi gwangwanayenta ta nufi gayaunarta."

"Ta tsira da geronta!" na ce.

"Wa ya gaya miki, uwar sauri? Ta kora gabas, su sauka yamma. Dami biyu ta tsira da shi, murya ta dishe. Geron nan nata gari ya raba ya yi iri. Ƙurunƙus. Miƙo hannu, ya gasu."

Sai bayan rasuwarta Baba ya gaya min ita ce matar. Ina sakandare a Birnin Kudu na yi ta baza labarin: kakata ce kaɗai mai hankali a garinmu.

Bara jan-baki suka sauka a fadamarmu, shinkafar Umma tana nono, ita ce kuma cimarmu ta shekara. Maza suka ce an buga waya, jirgi na tafe. Kalmar nan ta Inna har ta zo min baki, sai na tsaya. Inna ba ta taɓa yabon matar nan ba, ko sau ɗaya. Gaskiya ta faɗa, amma da zagi ta faɗe ta, shi ya sa ta tafi gona ita kaɗai, daga ita sai hannunta biyu.

Na haɗiye. Na yafa mayafi na bi gida-gida, na durƙusa, ina gajiya, ina yara, ina aiki, yaya ƙafar Hajiya, kafin in kawo zancen igiya. Mata tara suka biyo ni. Mako biyu muna ihu a fadama, jirgi ko ƙararsa ba mu ji ba.

Wallahi gaisuwar ta fi min ihun wuya. Amma buhunan shinkafa na nan jere a ɗakin Umma.