Akwatin Adamu da Dutsen Yamma

Bana shekara bakwai da rasuwar abokina Adamu mai hoto, shekara bakwai kuma da ƙaninsa Usman ya ƙone akwatin hotunan da Adamu ya bar mini. Ranar sadakar uku ya yi wannan aika-aika, a bayan gidansu, muna zaune a rumfar makoki muna karɓar gaisuwa. Ko buɗe akwatin bai yi ba. Wani ya faɗa masa hoto na jawo wa mamaci azaba a kabari, shi kuwa ya zuba kananzir.

Da ya buɗe, da ya ga babu mutum ko ɗaya a ciki. Adamu jikan malamai ne, kakanninsa da ƙafa suka taho daga Sakkwato kan hanyar hajji, suka zauna a ƙasar nan. Hoton mutane a shagonsa na birnin Damazin yake yi don abinci, zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Abin da ya adana wa kansa duwatsu ne da hazo da fitowar rana, abubuwan da ba a busa musu rai ba.

Ni ba mai ilimi ba ne, daga aji huɗu na tsaya. Lokacin da muka saba, an sallame ni daga tuƙin tarakta, ina zaune ƙofar gida ina zagin duk wanda ya wuce. Adamu bai yi mini wa'azi ba. Ya ce dai gwiwarsa ta fara ciwo, yana neman abokin hawan dutsen da ke yamma da ƙauyenmu. Mukan yi asuba a gindin dutsen, mu kama hanya da sauri don kada rana ta riga mu. Ina haki, ina tsine wa duwatsun da ke zamewa ƙarƙashin takalmina, shi yana gaba yana dariya.

Kamararsa tsohuwa ce, ta ƙarfe, ba ta yi wa kowa komai da kanta. Gilashin gabanta, wanda a nan muke kira adasa, da hannu ake murza shi har abin da kake kallo ya fito tar. Haske kuwa, tafin hannunsa yake ɗagawa ya duba, sai ya san yadda zai buɗe ta. Yakan jira har hazo ya tsage a kan kogi, gonakin dawa da na riɗi su fara bayyana, sannan ya riƙe numfashi ya danna. Sau biyu, in ya yi yawa uku. Daga nan mu zauna mu sha kofi. Na taɓa ce masa wannan wahala ta fi hoto biyu. Ya ce ai ba hoton ya hau nema ba, ganin ya hau nema.

Da idonsa ya fara yana, aikin ya rabu biyu. Shi zai zaɓi inda za a ɗauka, ni in sa ido in murza adasa. Mun yi shekaru a haka. Shi ya sa ya ce akwatin nawa ne, domin rabin abin da ke ciki idona ne. Babu wanda ya taɓa ba ni amanar abu mai daraja kafin shi. Na gode wa Allah da Ya haɗa mu, ina kuma gode wa Adamu duk ranar da na tashi ban nemi kowa da faɗa ba.

Yanzu kowa na da waya, a yi ta dannawa ba a kalli komai ba. Ina jin da yana nan ba zai yi fushi ba kamar ni, zai karɓi wayar ya juya ta, ya tambaya ina wurin murzawa. Yaƙin nan da ya ɓarke a ƙasarmu ya watsa mutane shi ne ban san yadda zai ɗauke shi ba. Fim ɗin kamara ya ɓace a kasuwa, mai wanke hoto ya gudu. Har yau nakan hau da kamarar babu komai a cikinta, in murza, in duba, in sauko.

Watan jiya Usman ya zo gidana, karon farko tun ranar da ya ƙone akwatin. Wani mai babbar gona ya ci iyakar gonar mahaifinsu, ya tumɓuke kukar da ke nuna iyakar, kwamitin ƙauye kuma na neman shaida. Ya ji an ce daga kan dutse ana hango gonar. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya tambaya ko akwai hoto ɗaya da ya tsira.

Na bar shi a tsaye har ya sunkuyar da kai. Sannan na ce: "Ya Usman, ko ɗaya babu, kai ka san inda sunka tafi. Amma kukar nan a kanta nike saita adasa shekara da shekaru, na san mazauninta kamar ƙofar ɗakina. Zan tsaya gaban kwamiti in yi rantsuwa, don Adamu, ba don kai ba. Kafin nan, gobe ka same ni gindin dutse da asuba. Da ƙafarka za ka hau ka ga abin da ka ƙone."