Gonar Gahawa a Cikin Hamada

Ba da sata na tashi ba. Ɗalibi ne ni a Manchester, mahaifiyata na aikin shara don in yi karatu. A jami'a aka ba mu aiki kan tattalin arzikin Angola a ƙarshen mulkin Turawan Fotugal: wane yanki ya bunƙasa, wane aka bari a baya. Don ƙiuya, rabin littafin na karanta. Abin da na riƙe kawai, gahawa ta azurta kamfanonin Turawa, sai kuma hotunan tsofaffin takardun hannun jarinsu masu hatimi.

A ɗakina na unguwar Fallowfield na buga guda ɗaya da wasa, na jiƙa ta da ruwan shayi ta yi kamar tsohuwa. Abokina ya rantse ta gaske ce. Kwaɗayi mabuɗin wahala, daga nan na fara sauka Birmingham ina sayar wa dattawanmu 'yan Afirka, ina ce musu Fotugal za ta biya diyya ga duk mai irin takardar.

Tun daga lokacin tsoro bai sake ni ba. Jiniyar mota ta yi kuka, gabana ya faɗi. Waya ta yi ƙara, in ƙi ɗauka. Amma ban daina ba.

Akwai Baba Issaka a unguwar Handsworth ta Birmingham, mutumin Ghana, tsohon direban bas. Guzurin Hajjinsa ya ɗauka ya ba ni, na ba shi takarda. Wata Asabar ya gayyace ni cin tuwo, na tarar da maƙwabcinsa Domingos, wani tsoho ɗan Angola, riƙe da takardar. Baba da murnarsa ya nuna masa.

Tsohon ya ɗora yatsa kan sunan garin da na rubuta, ya ce da Turanci, “Gonar gahawa a Moçâmedes? Can hamada ce da teku, kifi ake busarwa. Gahawa a arewa take. Ina yaro aka tilasta mana tsinkar ta.” Ya buɗe mini tafin hannunsa.

Ni kuwa a taswira na tsinci sunan, don ya yi mini daɗi.

Baba ya ce, “Ɗana, gaya masa it's a mistake. Ko ba haka ba?”

Na kasa ɗaga kai.

Magana ta kai ga 'yan sanda, kotu ta tura ni gidan yari. Ranar da na fito na tuba, na hau bas zuwa Handsworth in nemi gafara. Matar Baba ce ta buɗe ƙofa. Ta ce ya rasu, bai je Makka ba.

Samari, ku ji tsoron ƙaryar da kuka fara da wasa. Ni kotu ta gama da ni, amma wanda zan roƙa yafiya yana ƙarƙashin ƙasa, kuma na san akwai ranar da za a tsayar da ni gabansa.