Malam Idris ya rubuta ni da biro

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina kwance igiyar teburina a Canal Street saƙon 'yarsa ya shigo wayata. Malam Idris ya rasu.

Har yanzu ban shimfiɗa kaya ba.

Masu sallar Juma'a da mu a Morrisania sun san shi. Dogon dattijon nan baƙar fatar Amurka, tsohon direban bas, mai tsohuwar jakar fata da ba ta barin hammatarsa. A Harlem aka haife shi, amma iyayensa daga jihar Jojiya suka hauro, can kudu. Tun da ya ajiye aiki, sana'arsa ɗaya ce: neman kakanninsa. Zafi na shigowa zai kama hanya, kotun wannan gari, laburaren wancan, tsofaffin maƙabartun da ciyawa ta cinye. Ya dawo yana ba ni labarin jar ƙasa da gonakin shinkafar da suka koma fadama, idonsa a lumshe, kamar mai ba da labarin mafarki.

Yana da ƙa'ida a littafinsa na asalin dangi. Abin da takarda ta tabbatar, da biro. Abin da ake zato, da fensir.

Shi ke tsare min tebur in na tafi sallah, kuma bai taɓa sayar da ko hula ɗaya ba, don gaskiya yake gaya wa mai saye. Lokacin sanyin da yatsuna suka tsage, shi ya kawo min safar hannunsa ta tuƙi.

Wata rana ya zo da hoton wata tsohuwar jarida. Cigiyar bawa ce da ya gudu daga wata gona kusa da garin iyayensa, an ce yana da zane dogaye a kumatu biyu da guda a goshi. Ya ce kakarsa ta sha faɗa musu cewa asalinsu wani mutum ne mai zane a fuska, wanda ke kallon gabas yana motsa baki. Ya dubi billen da ke kumatuna, ya tambaye ni ko na san zanen waɗanne mutane ne.

Ku kun san ni. Mutumin da ya sayar wa Bature hular sanyi a tsakiyar zafi bai iya cewa ban sani ba. Ko ƙiftawa ban yi ba na ce Babarbare ne, mutumin Borno.

Wallahi ba ni da tabbas. Na dai ga yadda yake kallona.

Sai kuma na ƙara da wauta. Ni Bafulatanin Katsina ne, kuma kowa ya san wasan da ke tsakaninmu da Barebari. Bakina ya riga hankalina, na yi dariya na ce masa da Turanci, ashe kai bawana ne.

A Canal Street. Ga mutumin da ke riƙe da cigiyar kakansa.

Ya mayar da takardar jaka, ya tafi. Juma'a uku yana sauya sahu in ya hango ni. A ta huɗu na tare shi wajen takalma, na yi masa bayanin taubasantaka da guntun Turancina: cewa wasa ne na mutanen da suka daɗe tare, kowa na tsokanar kowa, ba mai fushi, kuma in wuya ta zo taubashinka ne farkon zuwa.

Ya gama sa takalminsa. Sannan ya ce, "Waccan kalmar mun binne ta da mutanenmu, kar ka tono ta. Amma sauran wasan ina so."

Daga ranar na shiga uku. Ya je ya yi bincike a kaina kamar yadda yake yi wa matattu. Yana isowa zai tambaya ina shanun, ko an kama su a sabwe, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba tikiti. Ya ɗauki hula a teburina ya kafa, ya ce haƙƙin taubashi ne. Ya sayi taswira ya zagaye Tafkin Chadi. Wani lokacin muna zaune, jirgin ƙasa na girgiza titi a ƙarƙashinmu, sai ya ce yana ganin mai zanen nan tun yana saurayi, a bakin ruwa, kafin kowa ya sa masa wani suna.

Ni kuwa abin na cina. Na ba dattijo gari guda da bakina, ba hujja. Bara na aika wa wani tsohon wanzami a gida bayanin zanen. Ya turo saƙon murya yana dariya, ya ce irin wannan kwatance na wanda bai san aska ba, zai iya hawa kan ƙabila goma, sai dai in an ga fuskar.

Wata da watanni saƙon na cikin wayata. In na faɗa, na ƙwace masa Borno, wataƙila na rasa shi gaba ɗaya. In na yi shiru, na bar shi da ƙaryata.

Ganinmu na ƙarshe, mako biyu da suka wuce, a gidan 'yarsa, da rana. Ya rame, jakar na gefen gado. Na kunna masa saƙon, na fassara, ban rage komai ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya sa na buɗe littafin. Can sama, kusa da mai zanen, ga Borno.

Da fensir. Tun ranar farko.

Ya ce, "Shekara nawa ina tuƙa bas, kana zaton ban san ɗan kasuwa ba? Takarda ta ba ni sunayen matattu. Kai ka ba ni wanda zan tsokana."

Ban iya buɗe sauran shafukan ba. Yau 'yarsa ta turo min hoton shafin ƙarshe, ta ce ba ta gane kalmar ba. Ƙarƙashin jikokinsa, a gefe, ya rubuta sunana: Sule, taubashi. Da biro.

Allah ya jiƙanka, Babarbarena. Allah ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da mai zanen nan a Aljanna, ka ga fuskar da idonka, ka tambaye shi garinsu da kanka.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, ya haɗa da kakan nasa da ba mu san sunansa ba. Barebarin New York kuma, ku fito jana'iza. Naku ne, ni na ba ku shi.