Ranar da Badaru Ya Wuce Sundimina Bai Yi Hon Ba

Yayana Badaru direba ne, kuma in ka tambayi tsofaffin Birnin Kudu da Gwaram, kafin su tuna fuskarsa sai sun tuna ƙarar hon ɗinsa. Ni ce Kubra, ƙanwarsa ciki ɗaya. Na fi kowa shan zaman motarsa, don daddawa nake kaiwa kasuwar Gwaram. Saboda haka kada wani ya zo yana gyara mini labarin nan, a gabana aka yi.

A Sundimina aka haife mu. Noma bai taɓa shiga ransa ba, in aka miƙa masa fartanya sai ya riƙe ta kamar sitiyari. Shekarar da aka sami 'yancin kai ya gudu Kano ya zama karen mota, ya sha zagi da ranƙwashi har ya iya tuƙi, ya dawo yana jan motar wani ofishin gandun daji. Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, ofisoshi suka cika da sababbin motoci, aka yi gwanjon tsofaffin. A nan ya sayi wadda yake ja, wata koriyar jif mai rufin tamfol da ta riga ta ga duniya. Da damina, in manyan motoci suka ga taɓo suka ja da baya, ita ce ke ratsa daji da mutane da awaki da buhunan gyaɗa tsakanin Gwaram da Birnin Kudu.

Halinsa biyu ne suka ishe ni. Na farko gaisuwa. Ba ya wuce gari bai yi hon ba, ko da kuwa akuya ce kaɗai a bakin hanya. Surukinsa kuwa, Malam Haladu, ladanin masallacin Sundimina, nasa daban ne. Tun daga nesa zai danna mai tsawo, ya tsaya, ya fito, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, fasinjoji na ta tsaki a baya. Na sha ce masa wannan gaisuwa ta yi yawa, daddawata na dahuwa a rana, sai ya yi dariya ya ce in sayi tawa motar.

Na biyu, ba ya faɗin ciwon motarsa. A ganinsa abin kunya ne direba ya buɗe baki ya ce motarsa ba lafiya, gobe fasinja su guje shi. To, daminar da nake ba da labari altanetar motar ta fara mutuwa, wato abin da ke mayar wa batir wuta in inji na tafiya. Wata 'yar jar fitila ce ta fara ƙyaftawa a gabansa, daga baya ta zauna daram. Bakanike ya ce sai an aiko da wata daga Kano, aka yi ta gobe da jibi. Sai Badaru ya ɓullo da dabara. Kullum da yamma ya ciro batir ya kai wa mai caji a Birnin Kudu, da safe ya mayar, motar ta wuni tana cin abin da aka zuba mata. Ba ya kashe inji sai a kan gangare, inda zai sake ta ta gangara ta tashi da kanta. Jar fitilar kuwa ya rataya mata hankici. Ni da ke zama a bayansa na ga komai, na yi masa magana, ya ce in iya bakina. Na iya.

Ran nan mun taso daga kasuwar Gwaram bayan azahar, hadari na haɗuwa a gabas. Mun ɗan gota Dingaya sai ga wani mutum a tsakiyar hanya, hannu biyu a sama. Hambali ne, wani mai shanu da ke noma a fadamar wurin. Ya ce kububuwa ta sari mai ɗakinsa a gonar gyaɗa tun shekaranjiya, an yi maganin gida an gaji, yau jini ya ɓalle ta baki. Asibitin Birnin Kudu yake so a kai ta.

Badaru ya karya kan mota ya bi shi. Gidan yana ƙasa, a shimfiɗaɗɗen wuri mai laka, ko'ina ka duba babu gangare. Na ga ya ɗaga hankicin ya leƙa, ya mayar. Ya bar inji na tafiya, muka shiga da shi don a ɗauko ta.

Hapsatu sunanta. Ƙafar ta kumbura har cinya, dasashinta na tsattsafar da jini, wani tsohon tabo a hannunta ma ya buɗe. Ba ta kuka, ba ta nishi, ta dai kafe ni da ido. 

Muka fito da ita a kan tabarma. Mutanen gida suka ce ba a fita da majinyaci ba a yi addu'a ba, kuma gaskiyarsu, haka ake yi. Aka ajiye ta, tsohon gidan ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Muryarsa ba ta da ƙarfi, ga jif na ta gurnani a kanmu. Akwai wani fasinja a gidan gaba, Alhaji Maikuɗi, ɗan kasuwar fata, mutum mai ladabi da son a ga ladabinsa. Ya ga bai dace ana roƙon Allah inji na surutu ba. Ya miƙa hannu ya murɗa makulli.

Shirun da ya biyo baya har yau ina jin sa. Kowa ya ji daɗi, addu'a ta fito tas. Badaru kaɗai na ga ya waiga ya kalli makullin. Bai iya katse addu'a ba, ya tsaya har aka shafa.

Ya shiga ya murɗa makulli, motar ta ce ƙyat, ta yi shiru. Ya fito da ƙarfen da ake murɗa inji da shi ta gaba, ya murɗa har rigarsa ta jiƙe, ta ƙi. Maza suka sa kafaɗa, laka ta riƙe tayoyin. Alhaji Maikuɗi ya yi ta cewa shi da ya sani da bai taɓa ba, don me ba a gaya masa ba? Na so in zazzaga masa, amma da wane baki? Gaskiya ya faɗa. Sai na juya kan yayana, na ce masa a gaban mutane ga inda zurfin cikinsa ya kai mu. 

Hambali ne ya kawo shanun huɗarsa. Aka ɗaura igiya, suka ja jif ɗin a hankali, a hankali, har kan wani tudu da ke bayan gona, mu kuma muna biye da Hapsatu a tabarma. Lokacin da wannan ya ci, ba na son tunawa. Aka kwantar da ita a baya, kanta a cinyata. Aka kwance shanu, aka tura. Motar ta gangara, ta yi tari, ta yi tari, ta kama.

Kafin ya ja sai ya juyo, ya cire hankicin ya jefar a ƙasa, kowa ya ga jar fitilar.

"Jama'a, motata ba ta caji," in ji shi. "Abin da ya rage a batir shi ne zai kai mu, in ya kai. Kada wanda ya taɓa komai."

Ruwa ya sauko. Bai kunna waifa mai share gilashi ba, ya zuro kai ta taga yana tuƙi, ruwa na dukan fuskarsa. Garken shanu ya tare hanya, bai yi hon ba, Hambali ne ya dira ya kore su da baki. Ni kuwa ina goge bakin Hapsatu da gefen mayafina, in goge ya dawo, in goge ya dawo. Tun tana riƙe da yatsana da ƙarfi har riƙon ya fara saki. Na yi ta kiran sunanta don kada ta yi barci.

Da muka doshi Sundimina ruwan ya tsagaita. Na hango Malam Haladu a ƙofar masallaci inda ya saba zama, har ya fara gyara riga don ya amsa gaisuwa. Na ga hannun Badaru ya tafi kan hon da kansa, ya tsaya a sama, ya koma kan sitiyari. Muka wuce kamar ba mu san garin ba. Tun da ya auri 'yar mutumin nan bai taɓa yin haka ba. Kunnuwansa kaɗai nake gani ta baya, amma na san kuka yake.

Ba mu yi wani nisa ba inji ya fara shaƙewa. Ya ja, ya saki, ya ja, sannan ya mutu a tsakiyar wani fako, ba gida gaba ba gida baya. Badaru ya gwada duk abin da ya sani. Hambali ya ce a ɗora masa ita a baya ya tafi da ƙafa, alhali shi ma ya san ba za ta kai ba. Hapsatu ta daina amsa kirana. Na tsani motar nan a lokacin, na tsani yayana, na tsani kaina da na iya bakina.

Sai muka ji ƙarar keke a bayanmu. Malam Haladu ne, tsofai-tsofai da shi, ya naɗe riga, laka har gwiwa, yana haki. A bayan keken an ɗaure wani abu da tsumma. Batirin lasifikar masallaci ne, wanda jama'ar gari suka haɗu suka saya, ba ya bari ko ɗansa ya taɓa.

Badaru ya fara tuɓe takalmi zai durƙusa. Tsohon ya daka masa tsawa, ya ce ba gaisuwa ta kawo shi ba. Ashe ya daɗe yana jin muryar hon ɗin na dushewa, kuma shi da yake fama da lasifika ya san yadda abu ke yi in batir ya yi sanyi. Ya yi shiru ne don kada ya kunyata surukinsa.

"Da ka wuce ni ba ko hon," in ji shi, "na san ba raini ba ne. Ɗaura, ka tafi."

Aka ɗaura. Murɗawa ɗaya ta tashi. Muka bar shi tsaye a fako da kekensa.

Rana na gab da faɗuwa muka shiga asibiti. Aka karɓe ta, aka yi mata allura, aka ce sai an ƙara mata jini. Badaru ne ya fara miƙa hannu, Alhaji Maikuɗi na biye da shi. Sai da ta kwana biyu ba wanda ya iya ce mana za ta tashi ko ba za ta tashi ba. Yayana bai fita aiki ba, yana zaune a gindin bishiya a ƙofar asibiti. A rana ta uku na shiga na goge bakinta, mayafin ya fito fari. Na fito na nuna masa.

An kawo altaneta daga Kano daga baya, ya ci gaba da jan jif ɗin har ta zama sai dai kaji su kwana a ciki. Amma daga ranar, kafin ya tashi mota sai ya juyo ya lissafa wa fasinja duk abin da ke damunta, birki ne, taya ce, mai son sauka ya sauka. Aka yi ta yi masa dariya, wasu suka sauka ɗin. Bai fasa ba har ya bar tuƙi.

Ranar da yayana ya rasu, ana zaman makoki a cikin gida, wata tsohuwa ta shigo tana jan ƙafa ɗaya, jikoki na biye da ita. Ban gane ta ba. Ta zauna kusa da ni, ta kama yatsana ta riƙe da ƙarfi. Nan na gane ta, nan kuma na yi kukan da na kasa yi tun safe.