Yadda Na Samu Sunan Halas a Doha

Ko zan manta da komai na zamana a Doha, ban da ranar da kafil ɗina ya gwada ni.

Ni makanike ne, a Kano na koyi sana'a. Wani Balarabe mai gareji a unguwar Sanaiya ta Doha ya nemi ƙwararru, ya aiko mini da biza da sunan kamfaninsa. Shi ake kira kafil, wato wanda ya tsaya maka. Sharaɗinsa ɗaya ne: zai ga aikina da idonsa, in bai yi masa ba in koma gida. Ni da 'yan unguwa suka rako har filin jirgi, har da masu hawaye, da wane ido zan kalle su in na dawo ko takalmina bai yi ƙura ba?

Washegarin isowata da safe ya nuna mini motarsa, ya yi mini alamar in duba fulogi. Na cire, na goge, na mayar. Ya gyaɗa kai ya ce, "Khalas," ya shige ofis.

Larabcina a lokacin na sallah ne kawai. Abin da kunnena ya ji shi ne "halas". Na ce a raina, ai mutumin nan ya halatta mini motarsa ke nan, bari in nuna masa Kano. Na ɗauki sifana na shiga kwance inji.

Da ya fito ya tarar da lagireto a ƙasa, sai ya ɗaga hannu biyu yana "Khalas, khalas!" Na yi masa murmushi, na ce shukran, na ƙara himma.

Wani direba ɗan zangon Ghana yana gefe da shayinsa, dariya ta kusa shaƙe shi. Ya ce, "Ɗan'uwa, me ka ji yana cewa?"

"Ya ce halas ne."

"Halas ɗin wa? Cewa yake ya isa, ka bari. Da motar nan zai ɗauko 'ya'yansa daga makaranta."

Na dubi kayan injin shimfiɗe kamar an kasa tumatir, wallahi har na hango kaina a jirgin komawa.

Direban ya yi wa kafil bayani. Sai kafil ya fashe da dariya har ƙyallen kansa ya zame. Ya nuna injin ya ce, "Yalla," wato maza in haɗa shi.

Ban taɓa haɗa inji ina addu'a irin ta ranar ba. Kafin azahar mota ta tashi. Ya saurari ƙararta, ya dafa kafaɗata, ya ce a hankali, "Khalas."

Wannan karon na ajiye sifana, na juya wajen direban. "Wannan kuma wace iri ce?"

Ya ce, "Ta zama ce. An ɗauke ka."

Har yau Halas ake kirana a garejin, kuma ina amsawa da farin ciki. Na koyi cewa a ƙasar mutane kalmar da ta yi kama da taka ita ce abin tsoro, ba wadda ba ka sani ba. Duk sabon zuwa ina gaya masa: kafin ka ɗauki sifana, ka tambaya.